Ɗigon da ya tsaya a ƙofar gidana

A gidanmu ni ne mai karatu. Duk takardar da ta shigo, ta haraji ce ko ta likita, hannuna take faɗowa, da waya ta zo kuma saƙonninta suka bi sahu. Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, shi ya sa har yayana, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, Mushe yake ce mini, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, rabi girmamawa rabi tsokana. Ban taɓa ƙin sunan ba. In faɗi gaskiya, daɗinsa nake ji fiye da kima.

Yaya fataucin wake yake yi. Yana saye a ƙauyukan Yekuwa, ya kai kasuwar Mallawa inda 'yan Najeriya ke zuwa awo. Shekara da shekaru a amalanke yake wannan wahala, har ranar da ya sayar da shanunsa da gonar da ya gada, ya tsallaka Kano ya dawo da farar a-kori-kura. Ba sabuwa ba ce, amma ta zamani ce. Dillalin ya nuna masa abin da ya tafi da hankalinsa: kamfanin da ya ƙera motar ya sa mata wata na'ura, duk inda take za ka gan ta a waya, ɗigo shuɗi a kan taswira. Wayar Yaya 'yar ƙarama ce mai maɓallai, don haka a tawa aka sa abin.

Watannin farko sai da ya ishe ni. Ina tsakiyar aji zai kira: "Mushe, ina nake?" In duba in ce, "Ka wuce Dungas, kana wajen rijiya." Sai ya fashe da dariya, in ji yana gaya wa na kusa da shi, "Kun ji ko? Daga Magariya yake ganina."

Abin da dillalin bai faɗa ba shi ne ganin nan ba kyauta ba ne. Wata rana saƙo ya shigo cewa lokacin gwaji ya kusa ƙarewa, mai son ci gaba sai ya biya abonma, wato kuɗin shekara. Na yi ta bambami a fadarmu ta shayi. Mutum ya sayi mota da ƙarfenta da tayoyinta, na'urar tana cikinta, wayar kuma tawa ce, sannan wani da ko garinsu ban sani ba ya ce sai an ba shi haya kafin mu ga abinmu? Yaya bai yi faɗa ba. Ranar da wa'adin zai cika ya zo da hantsi, ya tsayar da motar a ƙofar gidana, ya ciro kuɗin daga aljihun ciki ya danƙa mini.

"Biya musu, Mushe," in ji shi. "Ko mai gadi na ɗauka ai sai na ba shi nasa."

Biyan kuwa sai da katin banki mai aiki a intanet. A duk waɗanda na sani mutum ɗaya ke da irinsa, wani abokin aikina, kuma sati biyu ke nan ba ma gaisawa saboda ya gyara mini Faransanci a gaban darakta. Ni in je in roƙe shi? Na ce bari dai ya fara gaishe ni tukuna. Na sa kuɗin cikin ƙamus na mayar kan kanta. Da yamma Yaya ya kira ya tambaya, na ce masa, "An yi." Ko tari ban yi ba. A raina na ce gobe ko jibi zan gyara.

Goben ta zama sati, satin ya zama wata. Sau ɗaya ya sake kira da wasansa na "ina nake?" Na san ranar kasuwa ce, sai na ce, "Kana Mallawa, bakin rumfar awo." Ya yi dariyarsa da ya saba. Wannan dariyar ita ta fi damuna yanzu.

A wajenmu mai mota ba ya hana mota in an ce haihuwa ko gawa. Ba a tambaya, miƙa makulli ake yi. Wata ranar kasuwa Yaya yana tsakiyar awo, ga masu saye sun kewaye shi, sai wani mutum da ya sha cin abinci a rumfarsu ya zo a guje, wai matarsa na naƙuda a ƙauye, yana so ya kai ta likita. Yaya ya miƙa masa makulli. Wani dattijo ya ce a haɗa shi da mutum ɗaya mana. Yaya ya ce, "Ku bar shi ya tafi, ai tana cikin wayar ƙanena."

Har la'asar ba mota ba labarinta. Aka je ƙauyen, babu mai naƙuda, babu wanda ya san mutumin. Yaya ya hau kabu-kabu ya zo gidana, rigarsa duk ƙaiƙayin wake. Bai ko zauna ba.

"Mushe, duba mini ita."

Na buɗe wayar, na ga abin da na san zan gani: a biya tukuna. Na ce masa reso ne, wato sabis ɗin waya, ba kyau, ya zauna in je in nemo. Na zare kuɗin daga ƙamus na ruga gidan abokin aikina. Mutumin da na yi fiye da wata ina fushi da shi ya shimfiɗa mini tabarma, ya ɗauko katin bai tambaye ni komai ba. Kafin shayin da ya zuba mini ya huce an gama.

Taswirar ta buɗe, amma ɓarawon ya riga ya cire na'urar. Abin da ya rage shi ne wurin ƙarshe da kamfanin ya ga motar kafin ya rufe ido. Na koma gida na nuna wa Yaya. Shi bai iya duba taswira ba.

"Ina ne nan?"

"Magariya."

"Ina a Magariya?"

"Ƙofar gidana."

Wallahi sai da ya tashi ya leƙa waje. Ya duba dama, ya duba hagu, ya dawo ya zauna. Can ya ce, "Sun ci kuɗinmu ba su yi aikin ba. Allah ya isa tsakaninmu da su." Ranar da aka ga motar tana rubuce a ƙasan ɗigon, ƙarara, ranar da ya kawo mini kuɗin. Na ɗora babban yatsana a kai. Washegari ni na rubuta wa jandarma bayani, da Faransanci mai kyau wanda ba wanda zai gyara.

Ba a ga motar ba. Yaya ya koma amalanke, ta haya, da saniyar wani. Har yau ban gaya masa ba. Na sha shirya maganar a hanyar lakwal, in na gan shi sai in kawo wani zance. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, ba na faɗansa ba, na shirun da zai yi.

Shekaranjiya ya zo da wata takarda daga hukumar gari. Na ce masa ya kai wa wani ma ya duba, ko don a tabbatar. Ya dube ni kamar na zage shi, ya tura mini ita a cinya.

"Karanta mini, Mushe. Abin da ka ce an rubuta, shi aka rubuta."

Na karanta masa.