Ruwan Shuka Ya Hana Mu Dutsen Fagam

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da kawuna da wani abokina mai sabuwar mota, wadda ya saya da ƙarin albashin nan na kuɗin fetur. Tafiyar ta Kawu ce. A kan dutsen Fagam aka haife shi, kafin mutanensu su sauko su kafa gidaje a ƙasa, kuma can kabarin mahaifiyarsa yake. Shekara arba'in yana ɗinki a birni yana cewa sai baɗi. Bana idonsa ya fara dushewa, likita ya ce da wuya ganin ya kai kaka.

Titin Wudil sabuwar kwalta ce, abokina ya sakar wa mota linzami har Kawu ya tuna masa cewa dutse ba ya gudu. A Birnin Kudu muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan har yanzu da sule take ciniki, ta ce sabon kuɗin nan, naira, na 'yan boko ne. Daga can sai burji har Gwaram, gonaki duk an share suna jiran sama, ga zafi kamar a bakin murhu.

Da azahar muka shiga Fagam. Wani manomi, jikan abokin Kawu, ya yarda zai yi mana jagora washegari da sassafe. La'asar na yi gabas ta haɗe, aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya har gari ya waye.

Na fito da sabon takalmina na roba, na tarar da gari wayam. Ɗan birni ne ni, na manta cewa ruwan farko da ya jiƙa ƙasa shi ne ruwan shuka, ranar ko ango ba ya zaman gida. A gonarsa ta gindin dutse muka iske jagoranmu, da sungumi a hannu yana sara. Raina ya ɓaci, na tuna masa alkawari.

"Malam, dubi dutsen," in ji shi. Ruwa na ta gangarowa a jikinsa, yana sheƙi. "Yau ko akuya ba ta hawansa. Ni ba zan ɗora Baba a kan santsi ba. Tunda damina ta sauka, sai kaka."

Sai na ji kunyar kaina. Tausayin Kawu ya kama ni, don duk mun san abin da kaka ke nufi a wajensa. Ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallon saman dutsen. Sannan ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya ce a ba shi ƙoƙon iri. Ya bi bayan mai sungumi yana jefa gero yana rufewa da diddige, ashe ƙafar ba ta manta ba. Mu ma muka bi, abokina yana zuba iri kamar mai rabon sadaka. Da Kawu ya gaji, ya tsaya ya yi wa mahaifiyarsa addu'a daga ƙasa.

Mun iso gida da magariba, mota ta yi kaca-kaca da taɓo. Na dai koyi cewa ba a yanka wa tafiyar ƙauye rana sai an tambayi manomi. A zaure na ba Kawu haƙuri.

Ya ce, "Mahaifiyata ce ta koya mini shuka, a gindin dutsen nan. Da ta gan ni ina hawa ranar ruwan shuka, ai da koro ni gona za ta yi."