Duwatsun Jingar Ƙauyen Kawu

A ƙasarmu ta Haɗeja babu dutse. In ka haƙa, yashi za ka tarar, ka wuce shi ka iske laka, ka wuce laka ka sake komawa yashi. Shi ya sa lokacin da aka ba ni darasin kimiyyar ƙasa a wata sakandare a cikin gari, nakan sha wuya in na zo babin duwatsu. Sai in gaya wa ɗalibai duwatsu iri uku ne: wanda ya daskare daga narkakkiyar wutar cikin ƙasa, da wanda laka da yashi suka taru suka danne juna har suka ƙanƙare, da wanda zafi da nauyi suka sauya wa kama. Su rubuta, su haddace, alhali yawancinsu ba su taɓa riƙe dutse ba in ba tsakuwar gini ba.

Sai na fara tara duwatsu a kwali. Wani direba ya kawo mini baƙin dutse mai ƙyalli daga garin Dutse, na tsinci marmara a bakin titi, na sayi kanwa a kasuwa.

A shekarar ne aka yi wa ƙauyen kawuna jinga. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomin shinkafa, ƙauyensu kuwa yana bakin kogi a hanyar Kirikasamma. Wani ɗan kwangila ya tara ƙasa ta yi tudu mai tsawo, sannan tifa ta yi ta zubo duwatsu, aka jera su a fuskar jingar ta wajen kogi don kada ruwa ya ci ƙasar. Na je gaishe da Kawu da bazara, kogi ya janye, ya kai ni in gani.

Na ce, "Kawu, zan ɗauki guda biyu in nuna wa yara."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗauki, Malam. Ai yanzu mu ma mun yi arzikin dutse."

A aji na fara da gwajin tauri. Na ja ƙusa a kan baƙin dutsen, ko alama ba ta bari ba. Na ɗauko na jinga, mai launin toka, falle-falle kamar an jera faifai. Kafin in kai ga ƙusa, farcena ya shige shi. Na shinshina, na ji ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Na zuba ruwa a kwanuka uku, na jefa kanwa a ɗaya, baƙin dutse a ɗaya, na jinga a na ukun, na ce gobe za mu ga wanda ruwa yake iya wa.

Da safe kanwa ta narke, wannan dama mun sani. Baƙin dutse yana nan yadda yake. A kwano na uku babu dutse. Laka ce kwance a ƙasan ruwa, sumul, da 'yan ɓarɓashi a kai. Ɗalibai suna ta dariya. Dutsen laka ne wanda bai gama ƙanƙarewa ba. Rana ta busar da shi ya yi kama da dutse, ruwa kuma ya mai da shi abin da yake tun asali.

Ana tashi na hau babur na nufi ƙauye. A gaban Kawu da mai unguwa na fasa wani dutsen jingar, na jefa a ƙwaryar ruwa, muka zauna muna kallo. Ba a jima ba ya fara fitar da ƙananan kumfa, gefensa yana zubewa.

Mai unguwa ya ce, "Dukansu haka suke?"

Na ce, "Akwai masu kyau a ciki, ranka ya daɗe, amma ba su da yawa."

Kawu ya ce, "To, Allah ya kiyaye. Ba mu da wata jingar."

Mun je ofishin da ya ba da aikin, ni da mai unguwa. Aka saurare mu da mutunci, aka ce an riga an karɓi aiki, za a turo a duba. Ba mu ga kowa ba.

Damina ta zo ta wuce, jinga ba ta karye ba. Shinkafa ta yi kyau. Samarin ƙauye suka sa mini suna Malam mai dutsen sukari, ni ma har na fara jin kunya. Amma da ruwa ya janye, Kawu ya kira ni ya kai ni gindin jingar. Sahun duwatsun ƙasa babu shi. Inda suke sai laka mai santsi, na sama kuma sun zame sun karkace kamar haƙoran tsoho.

Damina ta biyu ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, kogi ya rasa inda zai wuce, ya dinga taruwa a jikin jingar. Kawu ya turo matarsa da yara da buhunan hatsi gidana. Shi ya ƙi tahowa. Ran Asabar na je na taya su cika buhuna da yashi. Ruwan ya kusa kai bakin jinga, kuma ba ya gudu, ba ya ƙara, yana tsaye kawai. Ko tsuntsayen fadama ban ji ba ranar.

Bayan Azahar wani ya nuna mana inda ruwa ke tsattsafowa daga jikin jingar ta wajen ƙauye. Da farko garai-garai yake. Muka danne da buhuna, ya ɓullo ta gefe. Can sai ya fara fitowa da launin toka.

Kawu ya tsoma hannu, ya murza a yatsunsa. Ya ce, "Malam, wannan jingar ce take fitowa."

Mai unguwa ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci. Mutane suka kwashi abin da za su iya, aka kora shanu da awaki zuwa kan titi. Ba wanda ya yi ihu. Muna idar da La'asar a bakin kwalta, tsakiyar jingar ta lotsa a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, ruwa ya haye.

Ba a rasa rai ba. Muka tsaya muna kallon ruwa ya shafe gonaki, ya shiga lunguna, gidajen ƙasa suna zama ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan na Kawu, ya juya baya ya tambaye ni ko babur ɗina zai ɗauke mu mu biyu.

Wata uku ya yi a zaurena. Yanzu ya yi gini a kan wani tudu, nesa da gonarsa. Mutane da yawa sun koma tsohon wurin, domin can ƙasar shinkafa take, kuma kogin bai koma tsohuwar hanyarsa ba. Yana bin bayan gidajensu.