Gwiwar Da Na Lanƙwasa Cikin Buje

Assalamu alaikum jama'a. Shekara da shekaru ban ba kowa wannan labari ba, har 'ya'yana. Girman kai ne ya rufe min baki.

Zamanin da kuɗin fetur ya cika gari na baro Wudil, na samu aikin lodi a wata masaƙa a Kano. Ba wanda ya tsaya min. Dilar yadin da mutum biyu ke kamawa, ni kaɗai nake ɗaga ta.

Wata rana likitan kamfani ya jera mu. Ya auna tsayi da nauyi, sannan ya ce kowa ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa, gwiwa a miƙe. Wanda ya kasa za a mayar da shi aikin zaune, wai bayansa ba zai jure lodi ba.

Ni kuwa dama ƙuguna na riƙewa kullum da safe. Amma buje ne a jikina, wando mai faɗi. Na lanƙwasa gwiwa a ciki, na taɓa.

Ya ce, "Madalla, wuce."

Har dariya na yi wa waɗanda aka cire.

Damina ba ta fita ba na sunkuya kan dila, na ji ƙas. Ban miƙe ba.

A asibiti aka ɗauki hoton baya, aka rataya min nauyi a ƙafa, allura safe da yamma. Likita ya dubi hoton ya ce, "Malam Sule, wannan ba ciwon jiya ba ne." Na juya fuska bango.

Sabon kekena ya tafi a magani. A kwance aka mayar da ni Wudil. Matata Hajara ke juya ni, ita ke kai ni bayi. Sallah sai da ishara. Ranar Juma'a ina jin mutane suna wucewa masallaci, ni ina kallon azara.

Hajara ta leƙo. "Malam, kuka kake?"

"Hayaƙi ne."

"Ai ban hura wuta ba tukuna."

Sai da aka girbe dawa sau biyu goshina ya sake taɓa ƙasa. Alhamdulillahi. Hajara, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ku masu aikin ƙarfi, in ƙugu ya fara magana ku je asibiti. In an zo auna ku, ku tsaya yadda Allah Ya yi ku.

Likitan kamfani bai ga gwiwata ba. Bayana ya gani.