Kwana Ukun Kakana

Jiya a gidanmu na unguwar Gesse ɗiyata ta turo mini littafinta na Turanci, yatsanta a kan kalmar ponder. Muka buɗe ƙamus, ya ce yin nazari mai zurfi ne kafin yanke shawara, wai asalinta daga awon kaya a ma'auni ne. Sai na ji raina ya ɓaci, don na san mutumin da ya yi haka har ya rasa gonarsa.

Kakana manomin shinkafa ne a Argungu. Ba ya amsa babbar magana ranar da aka kawo ta. Sai ya kwana uku da ita, kullum da la'asar yana zaune bisa wani kifaffen kwalekwale a bakin gulbi, ƙafafunsa duk laka. Kakata takan ce ko gobara ce sai ya auna ta tukuna. Amma in rigima ta tashi a unguwa, wurinsa ake zuwa.

Wata shekara da rani ma'aikata suka zo daga Birnin Kebbi za su haƙa hanyar ruwa, su sake raba fadama. Duk wanda ya dangwala yatsa za a ba shi fili kusa da ruwa. Ina tsaye riƙe da butarsa aka miƙo masa takarda.

"Ku ba ni kwana ukku in auna maganag ga," in ji shi.

Jami'in ya dubi agogo. "Baba, i ko a'a?"

"Gonar ubana ta, ɗana. Kwana ukku."

Mutumin nan, da duk karatunsa, ya rubuta cewa tsoho ya ƙi. Bai ƙi ba, wallahi, ni shaida ce. Aka ba wani gonarmu, mu aka tura mu tudu inda ko ciyawar kirki ba ta fita. Wannan rashin mutuncin har yau yana cina. Sun karanta kalmar a makaranta, sun ci jarrabawa da ita, amma da suka ga mai aikata ta sai suka ɗauke shi bagidaje.

Ɗiyata ta taɓa ni. "Mama, to a ƙarshe me ya yanke?"

Rana ta uku ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya taka har gindin tsamiyar da suka kafa teburinsu. Babu kowa sai sawun tayar mota. Ya zo ne ya ce ya yarda.