Haƙorin Yaya Sale

Da daminar bana Yaya Sale ya cika shekara arba'in da shida a kabari. Ni da nake ƙaninsa na ninka shekarun da ya yi a duniya, har yau kuwa ban iya faɗa wa baƙo abin da ya kashe shi ba tare da na sunkuyar da kai ba. In na ce haƙori, sai a dube ni kamar ina wasa.

Mahauci ne a babbar kasuwar Garwa. A zamanin shugaban ƙasarmu na farko, lokacin da garin ke cika da sababbin gine-gine da ma'aikata, babu matar ma'aikacin da ba ta san teburinsa ba. Yakan tafi har Yagwa sayen shanu. Ƙato ne, mai yawan dariya, kuma an san shi da abu ɗaya: ba ya nuna ciwo. Wani sa ya taɓa taka masa ƙafa a mayanka, ya gama fiɗa sannan ya zauna.

Matauninsa na ƙasa ne ya ruɓe. Ya daɗe yana cusa kanumfari a ramin, yana kurkure baki da ruwan kanwa, sai da kuncin ya tashi ya yarda na raka shi asibiti, domin ni ne mai jin Faransanci. A hanya na yi ta ba shi labarin allurar da ake yi a dasashi, wurin ya mutu, a cire haƙori kana zaune kana kallo. Ya ce, "Kai dai Bello, 'yan boko akwai daɗin baki."

Likitan ya yi masa allurar, wata ma'aikaciya tana riƙe da fitila, ya dakata, ya ce in tambaye shi ko leɓensa ya yi nauyi. Na tambaya. Ya ce, "Jam." Da Fulatanci lafiya lau ke nan. Na sake tambaya da Hausa, ya harare ni. Sai daga baya na sami labari cewa in wuri ya tara mugunya allurar takan ƙi kamawa, kuma da ya yi magana da an ƙara masa, ko a ba shi magani kumburin ya saɓe tukuna. Bai yi magana ba. Na ga jijiyoyin wuyansa sun miƙe, gumi ya jiƙe rigarsa, amma ko tari bai yi ba. Haƙorin ya karye, saiwar ta rage a ciki. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce lalle ya dawo.

Da muka fito ya jingina da wata bishiyar dogon yaro, ya tofar da jini. Ya ce, "Bello, na ji komai. Tun daga farko." Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce, "A gaban macen nan mai riƙe da fitila?"

Bai koma ba. Na roƙe shi, matarsa Inna Asabe ta yi kuka, sarkin fawa da kansa ya zo gida ya yi masa faɗa. Kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, ya kama wuya. Ranar da ruwa ya daina wuce masa muka ɗauke shi da ƙarfi zuwa asibiti, bai kai la'asar ba. Allah ya jiƙansa.

Ni yanzu haƙora kaɗan suka rage mini, kuma duk wanda aka cire ban ji komai ba sai motsi. Har wani magani suke shafawa kafin allurar, don kada ka ji tsininta. Nakan zauna a kujerar nan in ce, da Yaya zai gani me zai ce? Ina jin dariya zai yi, ya ce an mai da maza jarirai. Wannan ne ke karya mini zuciya. Allura ta gyaru, mu ne muke nan yadda muke. Har gobe mutum zai sayi ƙwayoyi a bakin kasuwa ya yi ta haɗiya, ba zai je ba sai baki ya ƙi buɗuwa.

Teburinsa ya tafi tare da tsohuwar rumfar kasuwa. Waɗanda suka san dariyarsa sun kusa ƙarewa. Abin da ya saura shi ne labarin jarumtarsa, wanda tsofaffin mahauta ke bayarwa da alfahari, ba sa kai shi ƙarshe.

Kwanan baya a wajen wani suna na zauna kusa da ɗansa Hamadu, wanda shi ma ya yi furfura. Na lura da gefe ɗaya yake tauna, kuncinsa na dama ya ɗan tasa. Na ce gobe in raka shi asibiti. Ya dafa gwiwata, ya yi murmushi da rabin baki.

"Haba Baffa," ya ce. "Ɗan Sale ne fa ni."