Ranar da na huda tambur ɗin Baba

Ko na tsufa har na manta sunan matata, akwai wata Juma'a da ba za ta fita kaina ba. Lokacin ina rubuta wa mutane damand, wato takardar roƙo, gindin wata bedi kusa da biro, ofishin hukuma, a Madawa. Tabur ɗina ƙafa ukku gare shi, ta huɗun bulo ne. Alƙalamina bik guda, shuɗi, na tattaune murfinsa. Amma mutane har layi suke, don ni kaɗai ne.

Sai ga taubashina ya dawo daga Abijan, ya kafa nasa tabur taki goma daga nawa. Jama'a, wannan ba tabur ba ne, ɗakin amarya ne. Ga agarafez mai ɗinke takardu, ga abin huda, ga gwangwanin bik kala-kala, ga regil na ƙarfe na jan layi, ga lema bisa kai. In ya danna agarafez ɗin ya yi ƙas, sai in ji awa cikin haƙarƙarina ya danna.

"Bawana," in ji shi kowace safiya, "ka ci bik ɗin ka ƙoshi, ko in aiko maka da fura?"

Ina dariyar yaƙe. Mutanena sunka riƙa zarewa ɗaya-ɗaya. Wanda na rubuta wa takarda shekara da shekaru sai ya gaishe ni da hannu daga nesa, ya wuce ƙarƙashin lema. Wanda ya rage mini wani tsoho ne na Azarori mai saida albasa, abokin mahaifina. Shi kam ya ce inda ya saba nan zai mutu.

Na saida rediyona da tunkiyar da nake kiwo, na hau mota sai Ƙonni. Duk abin da na gani bisa tabur ɗin taubashina na sayo wanda ya fi shi girma, har da takardu masu ruwan hoda da ke ƙamshin turare. Da na jera kayan, wurin aza hannu ya ɓace, sai bisa gwiwa nake rubutu. Ban damu ba, tunda na ga taubashin nawa ya leƙo sau biyu.

Ranar Juma'ar tsohon ya iso da hantsi, zufa na zuba. Ana rabon rumfuna a kasuwa, kuma ranar za a rufe karɓar damand kafin masallaci. Shekara da shekaru yana zaune cikin rana da albasarsa, rumfar nan yake mafarki. Ya warware gefen rawani ya fiddo tambur, ɗan kan sarkin nan da ake liƙawa bisa takarda, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ɗana, ka yi ta awa yadda ka saba."

"Baba, yau sai ta fi yadda na saba."

Na zaro takarda mai ƙamshi. Na rubuta da kore, na ja layi da ja. Na huda gefe. Da na zo ga tambur, maimakon in lasa in liƙa awa kowane ɗan Adam, sai na jawo agarafez, na daidaita inda taubashina zai ji, na danna. Sau ukku, don daɗin ƙarar.

Ba a jima ba tsohon ya dawo da takardar a hannunsa. Matar da ke karɓar takardu ta biyo shi har bakin ƙofa tana faɗa.

"Wa ya yi wanga aiki? Katin biki ne? Tambur ɗin da anka huda ya mutu, Baba. Kuma mai saida su ya tafi, sai Litinin."

Tsohon bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Ya dube ni kawai ya ce, "Ɗana, mi na yi maka?"

Taki goman nan sun fi mini tafiyar Agadas da ƙafa. Na tsaya gaban taubashina, tsohon na bayana. Ina jiran ya yi mini ba'ar da za a riƙa ba jikoki labari, sai ya dubi tsohon ya ce, "Baba, zauna nan." Ya jawo aljihun tabur. Ciki farar takarda ce irin wadda biro ke karɓa, da 'yan tambura da yake ajewa don irin wannan rana. Ya zaro bik shuɗi daga bayan kunne, ya rubuta, ya lasa tambur ya liƙa. Ko ɗaya daga kayan ƙawar nan bai taɓa ba. Tsohon ya shiga da takardar ana jawo ƙofa.

Ya samu rumfar. Ya aiko mini da kwandon albasa don darajar mahaifina, amma takardarsa ba ta sake zuwa tabur ɗina ba.

Wata biyu na yi ina ƙirga abin da ke bisa tabur ɗin wani, ban taɓa tambayar wanne yake aiki da shi ba. Abin da na koya ke nan: mai hassada ado yake gani, ba ya ganin aiki, kuma in ya tashi kwaikwayo, wanda ya amince da shi ne ke shan wuya.