Juma'ar da Baba Maigadi Ya Rasa

Ni sakatariya ce kawai a biro, wato ofishin da ke shirya wa direbobin kamiyo, manyan motocin nan, takardun kaya a Gaya. Amma da yake ni kaɗai nake iya zama gaban ordinatar, wato kwamfuta, ban zage ta ba, komai sai a ɗora mini. A ɗan ɗakin baya akwai babbar na'urar da muke kira sarber, takardun kowa a cikinta suke. Duk ranar da aka sabunta manhajar aikinmu, sai ta yi rabin yini tana jan ƙafa, direbobi na bakin gadar iyaka suna tsine mana.

Mai gyaranmu yana Yamai. Ya aiko da wani ɗan gyara a cikin kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar, shi yana ce masa korektif, ni na ce faci. A waya ya ce, "Madam, ki sa shi da kanki, ba wuya. Amma in kuran ya ɗauke kafin ya gama, komai na ciki zai iya tafiya." Kuran kuwa wutar lantarki ke nan.

Na zaɓi Juma'a da rana, don maza duk sun tafi masallaci, ba mai tsaya mini a kai. Wai ni mai dabara. Wutar gari ta tafi tun safe, muna kan janareto. Na yi bisimilla na danna. Wani koren layi ya fara rarrafe.

Bai kai rabi ba na ji ƙarar makullan Baba maigadi. Sai na tuna: kowace Juma'a yana kashe janareton kafin ya tafi, don mai gidanmu iya man safe yake zubawa. Ko takalmi ban sa ba na fita a guje. Na same shi cikin farar rigarsa, hannunsa a kan makunnin.

"Baba, don Allah kada ka kashe! In ya mutu na mutu."

Ya dube ni, ya leƙa tankin. "Ƴata, ko ban kashe ba, man ya kusa ƙarewa."

Na ga takardun mutane sun salwanta, na ga an nuna mini ƙofa. Baba ya tuɓe rigar ya rataye, ya zuƙo mai daga babur ɗinsa da tiyo, ya tsuguna yana ɗurawa kaɗan-kaɗan. Na koma gaban layin ina addu'a, ina jin huɗuba daga lasifika, har na ji an tayar da salla, har aka sallame.

Layin ya cika. Na sake kunna manhajar, ta buɗe kafin in gyara ɗankwalina.

Na fito da murna zan gaya wa Baba. Yana kuskure bakinsa daga ɗacin mai, mutane na wucewa da dardumansu. Tun da na san shi bai taɓa rasa Juma'a ba.

"Ya gama?" ya ce.

"Ya gama, Baba."

Ya shimfiɗa buzunsa kusa da janareton, ya tayar da azahar shi kaɗai.